KAJINJIRI: ITACEN ADO NA ƘASARMU DA YADDA A KE RENONSA

Wannan lacca ce wadda wani ma'aikacin watsa labarai ya yi wa taron manoma, malaman makaranta da masu renon itatuwa. An buga ta domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

  

Abin da ya tara mu yau zancen wani itace ne wanda da yawa daga cikinku sun san shi tun suna yara, amma kaɗan ne suka taɓa tunanin dasa shi a gida. Sunansa kajinjiri, waɗansu kuwa su kan ce da shi dabinon biri. A wurinmu ɗan daji ne, ba mai kula da shi sai birai da yara makiyaya. Amma a ƙasashe masu nisa, kamar jihohin Fulorida da Kalifoniya na Amurka, saye a ke yi da kuɗi, a kafa shi a ƙofar manyan gidaje da masaukan baƙi, a riƙa alfahari da shi. Nufina in bayyana muku kamanninsa da amfaninsa, da yadda a ke shuka shi a rene shi, sa'an nan in gargaɗe ku bisa abubuwan da ya wajaba a kiyaye.

DANGINSA DA ƘASARSA

Kajinjiri yana cikin babban dangin nan da ya haɗa dabino, giginya, goruba, tukurwa, kwakwar manja da kwakwar Attagara. Masana itatuwa sun lissafa wajen iri 2,600 na wannan dangi a duniya, amma waɗanda ke tsirowa da kansu a kan ƙasar Afirka ba su kai 70 ba. Cikin dangin kuma akwai wani ƙaramin gida mai wajen iri 14, wanda dabino ne babbansa. To, kajinjiri ɗan wannan gida ne, watau ƙanen dabino ne na jini.

Sunansa a littattafan masana shi ne Phoenix reclinata. Wani masani mai suna Nikolaus Jacquin, wanda ya zauna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, shi ya raɗa masa wannan suna a 1801. Kalma ta biyu da Latinanci ma'anarta mai kishingiɗa. Jikinsa ya kan karkata waje, ba ya miƙewa sak kamar giginya. Sunansa na Hausa kuwa yana rubuce cikin littafin sunayen itatuwa wanda Likita J. M. Dalziel ya buga a 1916, bayan ya yi aiki a Arewacin Nijeriya.

Ƙasarsa tana da faɗi ƙwarai. Ana samunsa tun daga Sanagal a yamma har Habasha a gabas, ya gangara har Afirka ta Kudu. Akwai shi a tsibirin Madagaskar, akwai shi kuma a kudu maso yammacin ƙasar Larabawa, wajen Yaman. Yana tsira a bakin teku, yana kuma hawa duwatsu har tsawon mita 3,000. A nan wajenmu a bakin rafi da ƙorama ya ke, da cikin kurmi, da gefen fadama. Duk inda kuka gan shi ya yi duhu, ku tabbata ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa.

KAMANNINSA

Babban abin da ya bambanta shi da giginya shi ne, ba ya zama shi kaɗai. Gindi guda ya kan fid da 'ya'ya a kewayensa kamar yadda ayaba ke yi, 'ya'yan su girma su ma su fid da nasu, har wuri ya zama kurmi. Ko wane jiki siriri ne, kaurinsa bai cika wuce inci 10 ba. Tsawonsa galibi ƙafa 10 zuwa 20, amma a wuri mai daɗi ya kan kai ƙafa 30, har ya ɗara. Na gefe su kan sunkuya waje suna neman rana, na tsakiya su miƙe. Wannan sunkuyawa ita ce kyansa.

Reshensa irin na dabino ne, mai kama da gashin tsuntsu, tsawonsa ƙafa 8 zuwa 13. Amma ganyen dabino toka-toka ne mai tauri, na kajinjiri kuwa kore ne shar mai sheƙi, reshen kuma ya kan lanƙwasa ƙasa. A gindin ko wane reshe, ganyayen farko sun rikiɗe sun zama ƙayoyi dogaye masu tsini kamar basilla. Za mu komo kan zancensu.

Akwai abu biyu game da jikin irin waɗannan itatuwa da ya kamata kowa ya riƙe. Na farko, ko wane jiki ido guda gare shi, can a ƙoƙuwa, daga nan dukan sababbin rassa ke fitowa. In aka sare ƙoƙuwa, wannan jiki ya mutu ke nan, ba ya toho kamar ɗorawa ko darbejiya. Na biyu, jikinsa ba ya warkar da rauni. In ka sari mangwaro, ɓawo ya kan rufe wurin a hankali. In ka sari kajinjiri ko ka buga masa ƙusa, ramin yana nan har ranar da zai faɗi. Sa'arsa ita ce 'ya'yan gindi: ko jiki ɗaya ya mutu, saura suna nan.

NAMIJI DA MACE

Kamar dabino, kajinjiri akwai namiji akwai mace, ko wane a gindinsa dabam. Namiji ya kan yi fure fari-fari mai gari da yawa, iska da ƙwari su kai garin wurin mace. Mace ce kaɗai ke 'ya'ya. Su kan fito nono-nono a jikin sanda mai ruwan lemo, ko wane ɗa bai kai inci guda ba. Da fari kore ne, sa'an nan ya yi ja-ja, in ya nuna sarai ya koma ruwan ƙasa. Ana ci, ɗanɗanonsa na dabino ne, sai dai naman kaɗan ne, ƙwallo ya cinye wuri. Tsuntsaye da birai su ne manyan masu shansa, su ne kuma ke yaɗa irinsa a daji.

Sanin wannan yana da amfani ga mai dashe. Wanda ke son tsuntsaye su riƙa ziyartar lambunsa, yara kuma su sami abin tsotsa, sai ya nemi mace, ya tabbata kuma akwai namiji kusa. Wanda ba ya son 'ya'ya su riƙa zuba a daɓe, sai ya nemi namiji. Amma mai fama da asma ko yawan atishawa kada ya kafa namiji a bakin tagar ɗakinsa, sabo da garin furen.

AMFANINSA

Na fari shi ne ado. Ba ya kaɗe ganye da rani. Sa'ad da hunturu ya mai da gari fari fat, shi yana nan kore. Hausawa su kan yi wa giginya kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta. Kajinjiri ba haka ya ke ba, inuwarsa a gindinsa ta ke, domin gajere ne mai yawan kai. Ya dace da harabar makaranta, asibiti, ofis, masallaci da coci, da tsakiyar shataletale mai faɗi.

Na biyu, riƙe ƙasa. Saiwoyinsa sirara ne masu yawan gaske, sun saƙu kamar taru. A gaɓar rafi su kan kama ƙasa, su hana ambaliya zaftare ta. Ba shi da ƙatuwar saiwa mai kauri irin wadda ke ɗaga daɓe, ko da ya ke wannan ba dalili ba ne na matsa shi jikin gini.

Na uku, saƙa. Mu nan mun fi sabawa da kaba wajen tabarma da faifai, amma a gabashin Afirka, a ƙasashen Kenya da Tanzaniya, ƙananan ganyen kajinjiri ne a ke busarwa, a rina, a saƙa tabarmi da kwanduna masu kyau. Da Sawahilanci sunan itacen mkindu. Ana kuma yin tsintsiya da igiya daga jikinsa. Matanmu masu saƙa za su iya gwadawa.

A waɗansu ƙasashe, kamar Mozambik da Afirka ta Kudu, a kan yanke ƙoƙuwarsa a tari ruwan a yi bammi. Ga abin da na faɗa muku ɗazu, kun san ƙarshen wannan jiki: mafi yawa mutuwa ya ke yi.

ZAƁEN WURI

Kuskuren da ya fi yawa tun ranar farko a ke yinsa. Mutum ya ga ɗan dashe a leda bai fi kamu guda ba, sai ya tura shi lungu. Bayan shekaru ya tarar kurmi ya toshe masa hanya, ƙaya tana yagar rigar baƙi. Sabo da haka ku ba shi fili. Ku bar aƙalla ƙafa 15 tsakaninsa da bango, ko hanyar da mutane ke bi, ko wurin wasan yara. In jeri za ku yi, ku bar ƙafa 20 tsakanin rami da rami. Kada ku dasa shi ƙarƙashin wayar lantarki, gama ba shi da rassan da za a rage. In ya kai waya, sai dai a kashe jikin.

Yana son rana sosai, amma ya kan jure inuwa kaɗan. Ba shi da tsarguwa wajen ƙasa: jigawa, jar ƙasa, har laka ta fadama, duk yana yi, in dai akwai damshi. A ƙasashen Zariya, Kaduna, Jos da kudancinsu, in ya kafu ruwan sama ya kan ishe shi. Can arewa kuwa, wajen Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, sai a fadama, ko kusa da rijiya, ko inda ruwan wanke-wanke mara yawan sabulu ke gangarawa. Kada wani ya ɗauka itacen hamada ne don yana ɗan'uwan dabino. Ko dabinon ma, kansa ne ke cikin rana, ƙafarsa tana cikin ruwa.

SHUKA TA ƘWALLO

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da araha. Ku tsinko 'ya'yan da suka nuna sarai, ku murje naman duka, ku wanke ƙwallon, domin naman da ya saura shi ke jawo ruɓa da tururuwa. Ku jiƙa cikin ruwa kwana biyu ko uku, kuna sake ruwan kullum. Sabon ƙwallo ya fi tsohon da ya shekara a ajiye saurin tsira.

Ku haɗa ƙasar shuka kashi uku daidai: yashi, ƙasar sama, da ruɓaɓɓen taki. Ku zuba a leda mai zurfi wadda aka huda gindinta. Zurfin nan wajibi ne, domin irin dabino ba ya tsira kamar gero. Ƙwallon ya kan fara tura wata farar igiya ƙasa, daga ƙarshenta ne saiwa ke sauka, ganye kuma ya hau. In mazubin ba shi da zurfi, igiyar ta kan naɗe, dashen ya tsumbure. Ku binne ƙwallon a kwance, zurfin rabin inci zuwa inci guda, ku ajiye a inuwa mai ɗumi, ku riƙa yayyafi don ƙasa ta zauna da damshi, ba caɓi ba.

Tsiro ya kan ɓullo cikin wata ɗaya zuwa uku. Shukar bazara ta fi ta hunturu sauri, domin iri yana son zafi. Ganyen farko guda ne siriri kamar ciyawa. Ku gaya wa yara kada su cire shi da sunan shema. Sai daga baya ya ke fara fid da reshe mai kamannin na uwarsa. Ya kamata ya shekara guda ko biyu a wurin reno kafin a kai shi mazauninsa. Abin da za ku sani shi ne, wanda aka shuka ta ƙwallo ba a gane namiji ne ko mace sai ya yi fure, bayan shekaru, kuma wajen rabi maza ne.

DASHE TA 'YA'YAN GINDI

Wanda ke son ya san abin da ya dasa, sai ya ɓamɓari ɗan gindi. Ɗan mace mace ne, ɗan namiji namiji ne, ba ya canzawa. Ku zaɓi wanda ke gefe, wanda ya riga ya yi saiwarsa. In bai yi ba, ku tara masa ƙasa mai damshi a gindi, ku jira 'yan watanni. Ranar cirewa ku tone kewayensa a hankali har ku ga inda ya manne da uwa, ku yanke nan da kaifin ƙarfe sara guda. Kada ku fizge, kada ku girgiza shi, gama in zuciyarsa ta tsage ba zai rayu ba.

Ku rage rassan waje, ku ɗaure sauran wuri guda, ku dasa nan da nan, ku yi masa rumfa ta zana har ya fid da sabon ganye. Ko an yi kome daidai, ba duka ke kamawa ba. Don haka mai son uku ya ɓamɓari biyar. Wanda zai ɗebo daga daji kuwa, ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji da mai ƙasar, ya ɗauki ɗaya ko biyu a ko wane gindi, ya mai da ƙasar da ya tone.

RAMI DA BAN RUWA

Lokacin dashe shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna, don dashen ya sami watannin damshi kafin kaka. Ku haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. Ƙasar sama ku ajiye ta gefe guda, ku gauraya ta da kwando ɗaya na taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Ku yage ledar, ku sa dashen da ƙasarsa, daidai zurfin da ya ke a da. Kada ku binne wuyansa, kada kuma ƙasa ta shiga cikin zuciyarsa. Ku taka kewaye, ku yi masa ɗan kwari kamar akushi, ku zuba ruwa garwa guda.

Ranin farko da na biyu su ne lokacin gwaji. Ku ba shi garwa guda sau biyu ko uku a mako, da maraice. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan yayyafi kullum, domin shi ke sa saiwa ta bi shi ƙasa. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a kewaye don riƙe damshi, amma ku bar tazarar tafin hannu daga jikinsa. Ku kewaye shi da shinge, gama akuya ba ta san ado ba. Ba mai saurin girma ba ne. Shekarun farko gindi ya ke ginawa kafin jiki ya tashi. Sannu ba ta hana zuwa.

TAKI

Kwando ɗaya ko biyu na takin gargajiya a farkon ko wace damina ya wadatar. Ku watsa shi ƙarƙashin inuwar rassa, ba a jikin gindi ba. Ganye da kansa ya kan faɗi abin da itacen ya rasa. In tsofaffin rassa na ƙasa suka yi ɗigo-ɗigo ruwan lemo, bakinsu yana bushewa, sinadarin fotash ne ya yi ƙaranci. Tokar murhu kaɗan tana taimako. In gefen tsohon reshe ya yi rawaya tsakiyarsa tana kore, sinadarin maganiziyam ne. Wannan sai a nemi shawarar malamin gona. Ku guji zuba takin zamani irin na yuriya shi kaɗai. Yana sa sabon ganye ya fito da gaggawa, itacen ya ƙara tsotse tsofaffin, ciwon ya ƙaru.

GYARA DA SASSABE

Kajinjirin da aka bari ya ga dama ya kan zama duhu mai ƙaya, maɓoyar macizai da ɓeraye. Wanda aka gyara kuwa abin kallo ne. Dabarar ita ce, ku zaɓi jiki biyar zuwa bakwai masu tsawo dabam-dabam, waɗanda suka karkata ko wace fuska, ku bar su. Sauran 'ya'yan gindi ku riƙa cire su tun suna ƙanana, sau ɗaya ko biyu a shekara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In kuka jira suka yi kauri, kututturen da za ku bari shi ne ƙofar da ruɓa ke bi ta shiga gindin duka.

Wajen rassa, busasshe kaɗai za ku yanke. Wanda ya fara rawaya ku ƙyale shi tukuna, domin itacen yana janye abincin da ke cikinsa zuwa sababbi. Kada ku yanke reshen da ya miƙe a kwance ko ya dubi sama. Masu aske itace su bar masa tukku suna zaton tsabta ce, alhali yunwa su ke sa masa. Ku wanke adda ko zarto da ruwan bilic kafin ku tashi daga wani gindi zuwa wani, gama akwai cututtukan da ƙarfe ke ɗauka.

ABOKAN GABA

Babban maƙiyinsa wani ƙwaro ne mai dogon baki, wanda ke damun kwakwar manja da tukurwa. Ƙamshin sabon rauni ke kiransa. Ya kan yi ƙwai a wurin, tsutsotsinsa farare masu ƙiba su shige ciki suna ci, ba a sani ba sai ƙoƙuwa ta faɗi. Maganinsa rigakafi: kada a ji wa jiki rauni a banza. Jikin da ya kamu a sare shi, a faskare, a ƙone. Wani ɗan'uwan wannan ƙwaro, ja, mutumin Asiya, ya shiga gonakin dabino na ƙasashen Larabawa wajen 1985, ya kai Masar a 1992, ya yi ɓarna mai yawa. Cikin jikin dashe ya ke tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa. Don haka kada kowa ya shigo da dashen dabino ko danginsa daga waje sai ta hannun ma'aikatan binciken tsirrai.

Akwai kuma baƙin ƙwaro mai ƙaho, wanda ke huda zuciya, sabon reshe ya fito da yanka kamar an sa almakashi. A juji da ruɓaɓɓen kututture ya ke haihuwa. Ku kawar da su daga kusa. Gara ta kan dami ƙaramin dashen da ƙishirwa ta raunana. Ƙananan ƙwarin da ke mannewa a bayan ganye kuwa, ruwan sabulu ko ruwan 'ya'yan darbejiya ya kan rage su.

GARGAƊI UKU

Na ɗaya, ƙaya. Tsininta ya kan karye cikin nama, musamman a gwiwa ko gaɓar yatsa, wurin ya kumbura ya daɗe yana ciwo. Mai gyara ya sa safar hannu ta fata da takalmi, ya kare idonsa, ya fara datse ƙayoyin kafin ya ja reshe. Rassan da aka yanke kada a bar su a hanya. Wanda ƙaya ta soka, wurin ya kumbura, ya tafi asibiti, kada ya tsaya tono da reza.

Na biyu, ga masu gonar dabino. Kajinjiri da dabino suna barbarar juna. In garin namijin kajinjiri ya faɗa kan furen dabino, ƙwallon da zai fito ruwa biyu ne, wanda ya shuka shi zai yi shekaru yana jira ya sami 'ya'ya marasa nama. Da ya ke yawancin dabinon ƙasarmu ta ƙwallo a ke shuka shi, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Kada a kafa namijin kajinjiri kusa da gonar da a ke ɗibar iri. Mai neman ingantaccen dashen dabino ya tuntuɓi tashar binciken dabino da ke Dutse a Jihar Jigawa.

Na uku darasi ne daga waje. A Fulorida, inda aka kai shi don ado, tsuntsaye sun watsa irinsa cikin fadamu, har hukumomi sun sa shi cikin jerin baƙin tsirrai masu mamaye wuri. A nan gidansa ne, ba shi da wannan laifi. Amma mu riƙe darasin game da baƙin itatuwan da mu ke shigowa da su.

GA MAI ƘARAMIN GIDA

Wani zai ce, "Malam, ni tsakar gidana ba ta kai yadda ka faɗa ba, ga kuma yara." To, kada ka dasa kajinjiri. Akwai wani ɗan dangin, mutumin Madagaskar, wanda masu sayad da furanni a manyan garuruwanmu ke kira areka. Shi ma 'ya'yan gindi ya ke yi, jikinsa siriri mai gaɓa-gaɓa kamar rake, launinsa rawaya-rawaya, ba shi da ƙaya ko ɗaya. Yana zama a tukunya, a baranda ko cikin ɗaki mai haske. Sai dai ba shi da jimirin namu. Zafin rana na bazara yana ƙona shi, iskar hunturu tana busar da bakin ganyensa. Yana bukatar inuwa, da ruwa a kai a kai, da tukunya mai huda a gindi.

NA DAJI

Zan rufe da roƙo. Masana ba su lissafa kajinjiri cikin itatuwan da ke gab da ƙarewa a duniya ba, amma itace ya kan ƙare a gari guda ko da yana da yawa a wata ƙasa. Mai noman rani da ya sassabe har bakin ruwa don ƙarin kunya biyu, ya cire abin da ke riƙe masa gonar. Ambaliya ta zo ta tafi da kunya goma. Mai cinna wa daji wuta kuma ya kan ƙone ƙananan da ke tasowa. Muna roƙon hakimai, dagatai da masu unguwa su ja hankalin jama'a a bar ɗan zirin itatuwa a ko wace gaɓa. Malaman makaranta su sa yara su tara ƙwallo, su yi wurin reno a bayan aji. Ba ya cin kome sai leda da ruwa da haƙuri. Ƙananan hukumomi kuma, in za a ƙawata sakatariya ko asibiti, a tuna da na gida kafin a aika neman na nesa.

Wanda ke da tambaya ya je wurin malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na yankinsa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya abin da muka dasa, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.